DAGA RAKE ZUWA MASARA: YADDA ƳAN ƘANANAN HALITTU SUKA JUYA KASUWAR SUKARI

Sukari yana cikin kayan da ke shiga kowane gida. Mai shayi na bakin tasha yana bukatarsa, haka mai koko da ƙosai, haka uwargida mai dama fura. Ana noman rake a fadamun Magarya da Matamai da na Dallol Mawri, amma yawancinsa shan sa a ke yi ɗanye, kuma kusan duk farin sukarin da a ke sayarwa a kasuwannin Nijar daga ƙasashen waje ya ke zuwa. Saboda haka duk abin da ya taɓa kasuwar sukari ta duniya ya taɓa aljihun mai iyali.

Yau shekaru fiye da 50 ke nan da wani sinadari, wanda aka samo daga ƴar ƙwayar halitta mai zama cikin turɓaya, ya sa masarar Amurka ta ƙwace wa raken ƙasashe matalauta babbar kasuwarsa. Yanzu kuma masu bincike sun juya ga ƙwari, suna leƙa cikin ƙudan zuma da gara da tsutsar siliki. Ya kyautu mai karatu ya san yadda labarin farko ya gudana, domin ya gane inda na biyu ya dosa.

Abin da mai kunun zaƙi ta sani

Matan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wata dabara. Idan an jiƙa gero ko dawa har ya yi tsiro, aka shanya, aka niƙa, aka zuba cikin gasarar da aka dama da ruwan zafi, sai gasarar ta tsinke ta yi ruwa-ruwa, ta kuma yi zaƙi ba tare da an saka mata ko cokali ɗaya na sukari ba. Wasu kan sa busasshen dankali maimakon tsiron, aikin kuwa ɗaya ne.

Ga bayanin masana. Gasarar hatsi tana kama da dogon carbi, kowace ƙwayar carbin kuwa wani irin sukari ne da a ke kira gulukos. Muddin ƙwayoyin suna haɗe cikin zare, harshe ba ya jin zaƙinsu. A cikin tsiron hatsi akwai wani sinadari da ke aiki kamar almakashi, yana tsinka zaren gunduwa-gunduwa, sai zaƙin ya fito. Irin wannan sinadari shi a ke kira anzim. Kowane mai rai yana ƙera nasa cikin jikinsa. Ko cikin yawun ɗan Adam akwai shi, shi ya sa wanda ya daɗe yana tauna loma ta tuwo ya kan ji ɗan zaƙi-zaƙi. Kowane anzim aiki ɗaya ya sani, kamar yadda mabuɗi ke buɗe kwaɗonsa kaɗai, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya sarrafa kaya mai yawa, don ba ya ƙarewa cikin aikin.

Sukari kuma ba iri ɗaya ba ne. Ban da gulukos akwai furuktos, wanda ya ke da yawa cikin ƴaƴan itatuwa da zuma, shi ne ya fi duka zaƙi. Sukarin rake kuwa waɗannan biyun ne a ɗaure, ɗaya na wannan da ɗaya na wancan. Gulukos shi kaɗai bai kai sukarin rake zaƙi ba, kuma a nan ne gizo ya daɗe yana saƙa.

Tun a shekarar 1811 wani masani mai suna Kirchhoff, a birnin San Pitasbag na Rasha, ya nuna ana iya dafa gasara da ruwan asid ta zama ruwan zaƙi. A 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka ware anzim na farko daga tsiron sha'ir. A 1894 wani mutumin Japan, Takamine, ya sami takardar mallakar fasaha a Amurka kan anzim da ya tatso daga funfunar da mutanen ƙasarsu ke rainonta kan shinkafa. Duk da haka, abin da a ke samu daga hatsi gulukos ne kawai. Ana yin alewa da shi, amma bai isa ya yi gogayya da rake ba. Tsawon shekaru wajen 150 manoman rake suna da wannan katanga tana kare su.

Katanga ta faɗi

A 1957 wasu masu bincike biyu na wani kamfanin masara a Amurka, Marshall da Kooi, suka gano anzim mai juya gulukos ya koma furuktos. Sai dai nasu ba ya aiki sosai sai an haɗa shi da wata guba, don haka bai shiga abinci ba. Wanda ya warware matsalar shi ne Yoshiyuki Takasaki, ma'aikacin wata cibiyar binciken gwamnatin Japan. Daga 1965 ya yi ta aiki kan wani dangin bakteriya da a ke kira Streptomyces. Waɗannan halittu, da ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, cikin ƙasa su ke zaune ko'ina a duniya. Su ne ke ba turɓaya ƙamshin nan da a ke ji bayan ruwan farko na damina, kuma daga danginsu aka samo maganin tarin fuka na farko a 1943. Anzim ɗin da Takasaki ya tatso daga gare su yana jure zafi, ba ya kuma bukatar guba.

Japan ba ta da masara mai yawa, Amurka kuwa tana da ita har ta rasa inda za ta kai. Wani kamfani na garin Kilinton cikin jahar Ayowa ya sayi izinin aiki da fasahar, a 1967 ya fara sayar da sabon ruwan zaƙin masara. Bayan ƴan shekaru aka ƙara wata dabara wadda ta rage tsadar aikin ƙwarai: aka manna anzim ɗin a jikin wasu ƴan ƙwayoyi masu tauri, aka cika dogayen tukwanen ƙarfe da su, ruwan gulukos yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa da zaƙinsa, anzim ɗin yana nan zaune yana aiki wata da watanni.

Ga yadda aikin ke tafiya a masana'anta. A kan jiƙa masara, a markaɗa, a tace gasara. Anzim na farko, daga wata bakteriya, shi ke tsinka kaurinta. Na biyu, daga funfuna, shi ke warware ta duka ta zama gulukos. Na uku, na Streptomyces, shi ke juya kashi 42 cikin 100 ya zama furuktos. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka iya kai shi kashi 55 cikin 100, wanda zaƙinsa ya yi daidai da na sukarin rake a cikin lemun kwalba.

Farashi ya hau, farashi ya faɗi

A watan Nuwamba na 1974 farashin sukari a kasuwar duniya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, ta wuce santi 60 na dalar Amurka. Ƙasashen rake suka yi murna, suka ci bashi, suka faɗaɗa gonaki. Masu sayen sukari da yawa kuwa, wato masu lemun kwalba da masu biskit, tsadar ta sa suka shiga neman madadi, ga shi kuma madadin yana jiransu a Ayowa. Ruwa ne, ana ɗaukarsa cikin motocin tanki, ba sai an narka ba. A 1980 kamfanin Coca-Cola ya yarda a sa ruwan masara a madadin rabin sukarin lemunsa na Amurka. A watan Nuwamba na 1984, shi da kamfanin Pepsi suka yarda a sa shi ɗungum.

Gwamnatin Amurka ta ƙara wa wutar itace. A 1982 ta ƙayyade yawan sukarin da za a shigo da shi daga waje, domin ta kare manomanta na rake da na betarabi, wata saiwa mai zaƙi ta ƙasashen sanyi. Wannan ya riƙe farashin sukari a sama cikin ƙasar, ruwan masara ya zama shi ne mai araha. Sukarin da Ba'amurke ɗaya ke sha a shekara ya sauko daga wajen kilo 46 a 1972 zuwa wajen kilo 27 a 1986. Wanda ƙasar ke saye daga waje ya sauko daga kusan tan miliyan 5 a 1981 zuwa wajen tan miliyan 1 a 1987. Ƙasashen Turai ta Yamma su ma suna ta zubo sukarin betarabi a kasuwar duniya da tallafin gwamnatocinsu. A tsakiyar 1985 laba ɗaya ta koma ƙasa da santi 4, kuɗin da bai biya ko wahalar noma ba.

Abin da ya sami tsibirin Negros

Ƙasar Filifin, a gabashin Asiya, ta daɗe tana kai sukarinta Amurka bisa wata yarjejeniya da ta ƙare a 1974. Fiye da rabin sukarin ƙasar daga tsibiri ɗaya ya ke fitowa, mai suna Negros. A can ƴan tsirarun iyalai ne ke da manyan gonaki, sauran jama'a ƴan ƙodago ne masu sare rake. Ba su da gonar kansu, ba su da rumbu, abincinsu a kasuwa ya ke. Ko a shekarun albarka akwai watannin da ba aiki tsakanin shuka da sara, waɗanda su ke kira matattun kwanaki.

Da farashi ya faɗi, bankuna suka daina ba da bashi, masu gonaki suka bar ƙasa ba shuka, wasu injinan matse rake suka tsaya. Ma'aikata fiye da 100,000 suka rasa abin yi. A 1985 hotunan yaran Negros masu kumburin ciki da ƙafafu kamar sillen kara suka bazu cikin jaridun duniya, a tsibirin da ke da ruwan sama da ƙasa mai kyau. Ranar 20 ga Satumba ta wannan shekara, a garin Escalante, dakarun da ke goyon bayan gwamnati suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga, yawancinsu ƴan ƙodagon rake, suka kashe aƙalla mutum 20.

Gaskiya ne ba ruwan masara kaɗai ya jawo wannan masifa ba. Shugaba Marcos ya danƙa cinikin sukarin ƙasar duka a hannun wani amininsa, manoma ba su samun cikakken kuɗin kayansu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsibirin da ya ɗora rayuwarsa duka kan amfani ɗaya da mai saye ɗaya, ya wayi gari mai sayen ya sami abin da ya fi araha a gidansa. Jamhuriyar Dominika da sauran tsibiran Karibiyan masu noman rake su ma sun sha irin wannan raɗaɗi. Daga 1999 shan ruwan masara ya soma raguwa a Amurka, don likitoci suna gargaɗi kan ƙiba da ciwon sukari, amma kasuwar da ta kuɓuce wa masu rake ba ta koma yadda ta ke a dā ba.

An juya ga ƙwari

Kafin a shiga maganar ƙwari sai an san wani abu guda. Cikin jikin kowane mai rai akwai wani rubutu da ya gada daga iyayensa. Kowane layi na rubutun, wanda a ke kira ƙwayar gado, yana bayyana yadda jiki zai ƙera abu ɗaya, misali anzim guda. A 1973 wasu masana biyu a Kalifoniya, Cohen da Boyer, suka nuna ana iya yanko layi daga wata halitta a dasa shi cikin bakteriya, ita kuma ta shiga ƙera abin da layin ya ce. Ta haka a ke yin allurar insulin ta masu ciwon sukari tun 1982. Wato ke nan, wanda ke son anzim na wani ƙwaro ba sai ya tara buhunan ƙwari ba. Ya isa ya karanta layin, ya ba bakteriya ko yisti, su yi masa aikin cikin tukunyar ƙarfe.

Ƙudan zuma shi ne tsohon gwani a sana'ar sukari. Ruwan furen da ya ke tsotsa yana ɗauke da sukari irin na rake. A cikin kansa akwai wasu ƴan maɓuɓɓugai masu fitar da anzim da ke raba wannan sukari gida biyu, gulukos da furuktos. Wani anzim ɗin kuma yana samar da abin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Sannan ƙudajen su yi ta fifita da fikafikansu cikin amya har ruwan ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, shi ya sa zuma ke shekara ba ta lalace ba. A 1996 masu bincike a Tokyo suka karanta ƙwayar gadon anzim ɗin farko, a 2006 kuma aka gama karanta rubutun gadon ƙudan zuma baki ɗaya. Sai dai kamar da ke tsakanin zuma da ruwan zaƙin masana'anta ta buɗe ƙofar algus. A 2023 hukumar Tarayyar Turai ta bayyana cewa cikin samfur 320 na zumar da aka shigo da ita, kashi 46 cikin 100 ana zarginsu da gauraye. Mai ɗora amya na gaskiya shi ke asara idan jabu ta karya farashi.

Tsutsar siliki ta Asiya ta zo da nata abin mamaki. Ganyen da ta ke ci yana da wata guba mai toshe anzim ɗin da yawancin ƙwari ke narka sukari da shi. A 2008 aka gano a Japan cewa tana da wani anzim dabam wanda gubar ba ta taɓa shi, kuma ƙwayar gadonsa ta yi kama da ta bakteriya. Masana sun fahimci cewa tun zamani mai nisa kakannin tsutsar suka samo wannan layi daga bakteriya ya zauna cikin gadonsu. A 2014 aka ga irin wannan a Birazil, cikin wani ƙwaro mai ɓarnar rake. Ashe dashen ƙwayar gado daga wata halitta zuwa wata ya faru cikin daji tun kafin ɗan Adam ya koye shi.

Gara kuwa ita ce aka fi ɗora wa buri. Kara da itace da tusar rake duk sukari ne a ɗaure, amma da ɗauri mai tsananin ƙarfi wanda cikin mutum ba ya iya kwancewa. Gara tana kwance shi. Tun shekarun 1920 aka san akwai ƙananan halittu cikin hanjinta masu taya ta wannan aiki. A 1998 Watanabe da Tokuda da abokan aikinsu a Japan suka nuna ita kanta garar tana da ƙwayar gadon anzim mai narka itace. A 2007 wasu masana suka bincika hanjin wata gara ta ƙasar Kosta Rika, suka sami ɗaruruwan ƙwayoyin gado na irin wannan aiki. Zagon Afirka mai gina manyan shuri yana da tasa dabara: yana noma wata funfuna cikin ɗakunan shurinsa, ita ke tausasa masa itacen kafin ya ci.

Abin da a ke nema a fili ya ke. Tan ɗaya na rake yana ba da wajen kilo 100 na sukari, ya bar tusa fiye da ninki biyu na wannan nauyi. Wanda ya iya mai da tusar rake da karan masara sukari da araha, ya sami man mota da abincin dabbobi daga abin da a ke ƙonewa. Daga 2014 an buɗe masana'antu na wannan aiki a Birazil da Amurka, amma da anzim na wata funfuna, wadda aka fara lura da ita tana cin tantunan sojan Amurka a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu daga cikin na Amurka sun rufe cikin ƴan shekaru saboda tsada. Wannan tsadar ce ta sa a ke ci gaba da tonon asirin gara. Anzim ɗin Marshall da Kooi ma sai da ya shekara 10 kafin a sami wanda ya shiga kasuwa.

Na wane ne?

A 1980 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa ana iya ba mutum takardar mallaka kan bakteriyar da ya sauya wa gado. Daga nan kamfanoni da jami'o'i suka shiga tseren rajistar anzim da hanyoyin ƙera su. Afirka ta ga yadda abin ke tafiya. A dazukan Gabon da Kamaru akwai wani ɗan itace mai tsananin zaƙi wanda mutanen wurin suka daɗe suna sha. A 1994 masu bincike na jami'ar Wiskonsin a Amurka suka ware sinadarin zaƙinsa, suka sa masa suna brazzein, wanda ya fi sukari zaƙi sau ɗaruruwa, suka kuma sami takardun mallaka a kansa. Yau ana iya haɗa shi da yisti cikin tukwanen ƙarfe, ba tare da an sayi ko ƙwarya ɗaya ta ɗan itacen daga hannun mutanen dajin ba.

Domin hana irin wannan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a Japan a 2010, ta soma aiki a watan Oktoba na 2014. Nijar tana cikin ƙasashen da suka tabbatar da ita a wannan shekara. Ta tanadi cewa duk mai son ɗibar wata halitta don bincike sai ya nemi izinin ƙasar tun da farko, a kuma yi yarjejeniya kan rabon amfanin da zai fito, har da al'ummar da saninta ya nuna hanya. Amurka ba ta cikin wannan yarjejeniya. Ban da haka, rubutun gado yanzu ana aika shi ta intanet cikin ƙiftawar ido, ba ya bi ta gaban ƴan duwan. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kali ta Kolombiya a 2024 ya kafa wani asusu da a ke son kamfanoni masu cin moriyar irin wannan rubutu su riƙa zuba wani kaso a ciki.

Nijar tana da turɓayarta, da shurin zago, da ƙudan zumar Gaya da Madarumfa da dajin W, da tafkunan kanwa, kowane da ƙananan halittunsa. Tana da jami'ar Yamai, da cibiyar binciken noma ta INRAN tun 1975, tana kuma cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda ke ba da takardun mallakar fasaha ga ƙasashe 17 na Afirka. Kayan aiki dai akwai su, saura a yi aiki da su. Baƙon da ya zo ɗibar ƙasa ko ƙwari ko saiwoyi cikin ƴan kwalabe, haƙƙin mai gari da magajin gari da ma'aikacin gandun daji ne su tambaye shi takardarsa, su kuma rubuta abin da ya ɗiba da inda ya ɗiba. Ɗalibin da ke nazarin waɗannan halittu ya cancanci ɗakin bincike da kuɗin aiki, a kuma yi rajistar abin da ya gano da sunan ƙasarsa. Hukumomin tsara tattalin arziki kuma su riƙa tuna Negros duk lokacin da a ke shawarar ɗora yanki guda kan amfani ɗaya da mai saye ɗaya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.